Kafin Ka Sa Hannu da Mai Kawo Maka Inji

 Idan kana cikin matasan ƙasar Haɗeja da suka tara ɗan abin hannu daga noman rani ko fataucin riɗi, har zuciyarka ta fara raya maka ka kafa masana'anta, to niyyarka mai kyau ce, kuma lokacinta ya yi. Shekara da shekaru muna loda shanshera a manyan motoci ana wucewa da ita Kano, a sarrafa, a dawo mana da ita cikin buhu mai tambari mu saya da tsada. Riɗinmu da zoɓonmu suna fita da ƙasarsu da tsakuwarsu, wani can ya tace ya ci ribar. Duk wanda ya tashi ya ce zai tsayar da wannan riba a gida, ni mai yi masa addu'a ne.

Sai dai kai ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Dole ka jingina da wani wanda zai zana maka tsarin wurin, ya zaɓo inji ko ya ƙera shi, ya kafa, ya koyar da yaranka. Bayan ikon Allah, a wuyan wannan mutumin, ko wannan kamfanin, ribarka ko asararka ta shekara goma masu zuwa za ta rataya. Shi ya sa nake so ka auna shi da ranar da ba ya nan. Ka ƙaddara injin ya tsaya cik a tsakiyar watan Agusta, hanya ta yanke, shanshera tana jiƙe a cikin tanki, shi kuma yana Legas ko Indiya. Me ya bari a hannunka da za ka tashi aikin da shi? Duk sauran maganar da zan yi maka daga nan ta tsiro.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba, kogin da ke bayan garinmu ya ishe mu. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Waɗanda suka gina su gwanaye ne a fanninsu. Madatsun suna nan tsaye har yau, birnin Kano yana shan ruwansu, manoman Kura da Kadawa suna noma rani da damina. Amma kafin su, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye har ƙasa ta bushe ta tsage. A kan wannan cika da janyewa manomin shinkafa da masunci da makiyayi suka gina rayuwarsu. Bayan madatsun sai ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma irin wannan ruwan mara zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta cika hanyoyin ruwa daga nan har Kirikasamma da Guri da Nguru, ta tara laka, ta karkatar da kogi: wasu garuruwa suna nutsewa, wasu suna neman ruwan da za su ba gona. Ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Masanan tattalin arziki da suka yi aiki tare da shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, sun zauna sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa abin da ake samu daga ruwan fadama ta hanyar noma da su da itace ya zarce abin da irin wannan adadin ruwan yake bayarwa a manyan gonakin ban ruwa na sama. Lissafin ya zo bayan an riga an zuba kankare. Da an tambayi Sarkin Ruwa da dattawan ƙauyukan bakin kogi tun ana zane, da sun faɗi abubuwa da yawa waɗanda takarda ba ta nuna ba.

Haka aikin ban ruwa na Kwarin Haɗeja da ke Auyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An fara shi tun farkon shekarun 1980, ya yi ta tafiya yana tsayawa, magudanai suka cika da laka da kacala, sai da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo ya gyara ya faɗaɗa, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a Janairun 2023 da kimanin hekta 5,700. Abin da ya fi burge ni a wannan gyaran shi ne nauyin da aka ɗora wa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, cewa su za su riƙa yashe ƙananan magudanai su tara kuɗin kula da su. An ɗauki kusan shekara arba'in kafin a yarda cewa aiki ba ya ɗorewa sai kulawarsa tana hannun mai cin moriyarsa.

Yanzu ka ajiye waɗannan manyan ayyuka a gefe, ka dubi ɗan ƙaramin injin ban ruwa da ke kan kowane babur a hanyar fadama. A shekarun 1980, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, hukumar KNARDA ta yaɗa haƙa 'yan rijiyoyin bututu marasa zurfi da ƙananan injuna masu amfani da fetur, daga baya shirin Fadama na ƙasa ya ɗora a kai. Ba a yi musu bikin buɗewa da ganguna ba, amma su suka sauya noman rani a wannan yanki. Dalilin a fili yake. Ruwa yana kusa a fadama, injin ya yi daidai da girman gonar talaka, mutum ɗaya yana ɗaukarsa, kuma cikin 'yan shekaru babu kasuwar ƙauyen da ba ka samun makaniken da zai kwance shi ya ɗaure, da mai shagon da ke sayar da fulogi da zobba da tiyo. Ilimin injin ya zama namu. Shi ya sa da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya yi sama, ba a jira wani ya zo daga ƙetare ba. Makanikanmu ne suka riƙa juya injunan su koma aiki da gas ɗin girki, wasu manoman kuma suka koma sola.   Fasahar da mutanenka suka iya kwancewa, ita ce za su iya lanƙwasawa in zamani ya juya. Wannan nake so abokin aikinka ya bar maka.

To yaya za ka gane shi tun kafin kuɗi su fita? Ka saurari zamanku na farko da kyau, ka lura wa ya fi yin tambaya. Wanda ya zo ya buɗe littafin hotuna, ya nuna maka inji mai ƙyalli, ya faɗi farashi, ɗan kasuwa ne irinka, kuma sayarwa ce ta kawo shi. Na kirki zai gajiyar da kai da tambaya. Wace irin shinkafa ake nomawa a nan, Sipi ce, wato FARO 44, ko Jamila, ko a gauraye take zuwa? A ina ake shanya ta, a kan tamfol ko a ƙasa ko a bakin kwalta? Wannan zai gaya masa yawan tsakuwar da injin zai yi fama da ita. Awa nawa KEDCO take ba ku wuta a rana, kuma da wane ƙarfi take zuwa? Ruwan rijiyarka yana da kanwa ko gishiri, wanda zai ci cikin tukunyar tururi? Ina ruwa ya tsaya a wannan fili a ambaliyar 2022? Idan bai yi maka wannan tambaya ta ƙarshe ba, kuma ya yarda ya kafa maka inji a ƙasar Haɗeja, to bai san inda yake ba. Zai kuma so ya ga wurin da kansa a cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, da kuma cikin ƙurar hunturu, domin na'urar da ke tsince baƙar ƙwaya da ido na lantarki ba ta shiri da ƙura, ba ta shiri da wutar da ke hawa da sauka. An ƙera da yawa daga cikin waɗannan injuna ne don ƙasashen da ba su san iskarmu ba.

Akwai wata alama da ta fi duk waɗannan, kuma ita ce mafi wuyar samu: mutumin da zai ce maka ka rage. Zuciyar matashi tana son babban inji, mai sayarwa kuma ya fi ka son haka. Bari mu yi lissafi tare. Ka ce injin yana cin tan 2 a awa ɗaya. In ya yi awa 8, ya ci tan 16 a rana. In ya yi kwana 250 a shekara, yana bukatar tan 4,000 na shanshera. Ko da kowace hekta ta ba da tan 4, noman hekta 1,000 ke nan. Ina kuɗin da za ka saye ta da kaka, lokacin da take da sauƙi? Ina rumbun da za ka ajiye ta ba ta jiƙe ba? Masana'antu da yawa a Arewa ba lalacewa suka yi ba, abin casa suka rasa, alhali bashin banki bai san rani ba bai san damina ba. Ka tuna ko Dangote, da ya zo Haɗeja, da manoma ya fara a 2016, yana ba su iri da taki su noma masa, sai a 2018 ya aza harsashin masana'anta. Idan mai wannan ƙarfi ya fara da neman tabbacin shanshera, kai ma daga nan ya kamata ka fara. Abokin aikin da ya duba aljihunka da gonakin da ke kewaye da kai, ya ce ka fara da rabin abin da ka nema, ka bar fili da layin wuta don ƙari nan gaba, ya rage ribarsa ta yau saboda kai. Ka riƙe shi hannu biyu.

Kada ka yarda da alkawarin baki, ko na takarda mai sheƙi. Gani ya kori ji. Ka ɗauki buhunan shansherarka, daga kasuwarku, ba wadda shi ya zaɓo ba, a zuba a irin injin da yake so ya sayar maka, kana tsaye, a auna abin da ya shiga da abin da ya fito. Shanshera mai kyau da aka busar har damshinta ya sauko kusan kashi 14 cikin 100, kilo 100 nata yakan ba da tsakanin kilo 60 da 68 na shinkafa, kusan kashi ɗaya cikin biyar kuma ɓuntu ne. Ka duba nawa ne ya fito ƙwaya cikakkiya, nawa ne ya karye, domin a nan ribar take ɓuya. Ka tambaye shi me zai yi da ɓuntun. Wanda ya san aikinsa zai tsara maka tukunyar tururi da ke cin ɓuntu, ka huta da sayen itace, dajinmu ma ya huta.

Sannan ka yi masa bincike irin na aure. Zai ba ka sunayen waɗanda ya yi wa aiki bara, domin injinsu sabo ne, bakinsu da daɗi. Kai ka nemi wanda ya yi wa shekara biyar ko bakwai da suka wuce. Ka je ba tare da shi ba, kada ka tsaya a ofishin mai gida, ka zagaya baya ka zauna da yaron da ke tada injin. Shi zai gaya maka sau nawa ya tsaya, kwana nawa aka yi ana jiran kayan gyara, da kuma ko ana ɗaukar waya in an kira bayan an gama biya.

Maganar kayan gyara ita ce inda na fi so in daɗe, domin a nan na ga dukiyar bayin Allah da yawa ta zama ƙarfe mai tsatsa a ƙarƙashin rumfa. Robar da ke ɓare shanshera tana cinyewa, raga tana hujewa, bel yana tsinkewa, boris yana mutuwa. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka inji yake. Tambayar ita ce, a ina za ka same su, da wane kuɗi? Ka sa ya rubuta maka jerin duk abin da ke cinyewa, da girmansa da lambarsa, sannan ka tura yaro Kano da takardar ya zagaya 'yan kayan inji, ya ga nawa ne ake samu a can. Abin da babu sai an yi oda daga waje, ka tuna yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a tsakiyar 2023. Kayan da ka yi lissafinsu da wani farashi suka ninka kana zaune. Na kirki zai zaɓi mota da boris da bel irin waɗanda kasuwarmu ta sani, ko da hakan ya rage masa cinikin gaba. Akwai kuma sabon tarko da iyayenmu ba su sani ba. Injunan yanzu suna da ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma wasu kamfanoni suna kulle ta da lambar sirri, ta yadda ko ƙaramin saiti ba za ka taɓa ba sai ka kira su ka biya. Ka sayi inji da kuɗinka, mabuɗin yana aljihun wani. Ka sa a cikin sharaɗi cewa lambar sirri, da zanen wayoyin wuta, da littafin gyara, duk za a damƙa maka su ranar miƙa aiki, cikin harshen da yaranka ke karantawa.

Koyarwa ma kada ka bari ta zama ta kwana uku bayan an gama kafawa. Yaranka su kasance a wurin tun ranar da aka buɗe akwati na farko, hannunsu a kan sifana, su ga yadda aka ɗaure kowane ƙarfe. Wanda ya ga ɗauri shi ke iya kwancewa. Ka lura da fuskar injiniyan in yaro ya yi masa tambaya. Idan yana jin daɗin bayani, har ya ɗauki alli ya zana a ƙasa, ka samu mutum. Idan yana juya baya yana rufe abin da yake yi, yana tanadin dawowarka ne. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure. Yaran da suka karanta lantarki da ƙere-ƙere suna yawo babu aiki, ka ɗauko biyu ka haɗa su da tsohon makanike mai gogewa.

Kuma kada ka ɗauka abokin fasaha sai wanda ya sauko daga jirgi. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi tare da AfricaRice sun fitar da irin FARO 66 da FARO 67 a 2017, masu jure nutsewa cikin ruwa na kusan mako biyu, kuma babu wanda ya fi manomin fadamarmu bukatarsu. Cibiyar NCAM da ke Ilori aikinta ƙera injunan gona da gwada su. Cibiyar NSPRI, mai reshe a Kano, ta ƙera murhun bandar kifi na zamani, wanda duk mai son shiga harkar kasuwar kifi ta Haɗeja ya kamata ya je ya gani. Cibiyar Samaru a Zariya tana nan. Maƙeranmu masu walda ma suna ƙera masussuka da tankin turara da ke aiki. Rauninsu yawanci a ma'auni ne da irin ƙarfen da suke sa wa abin da zai taɓa abinci. Sau da yawa tsari mafi kyau shi ne a haɗa: zuciyar injin daga waje, sauran jiki a gida, ƙarƙashin idon injiniya ɗaya da zai ɗauki alhakin duka. Alhakin nan kada ya rabu, domin in ya rabu, ranar matsala kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Idan kana hangen kasuwar waje, to abokin aikinka ya san dokokin mai saye, ba injin kaɗai ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da karɓarsa saboda ƙwaro. Wanda zai tsara maka wurin tace riɗi ko zoɓo bai yi maganar feshi da ajiya da gwajin awo ba, bai kuma ambaci NAFDAC da SON ba, rabin aiki ya yi maka.

Duk wannan a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin cinikin istisna'i, wato ka sa a ƙera maka abu, suka shardanta a bayyana siffarsa ƙarara don gudun jayayya. Saboda haka kada kunya ko zumunci su hana ka. A rubuta tan nawa a awa, kashi nawa na karyayya, lita nawa na man dizal, kwana nawa tsakanin kiranka da zuwansa, da abin da zai biya in ya saɓa. Ka biya lauya ya karanta. In kamfanin na ƙetare ne kuma akwai miƙa fasaha a ciki, akwai hukumar NOTAP a Abuja da ke rajistar irin wannan yarjejeniya. Kuɗi kuma a biya su kashi-kashi, wani kaso mai nauyi ya zauna a hannunka har injin ya yi aiki da shansherarka na wani lokaci da kuka amince, ya cika abin da aka rubuta. Wanda ya yarda da aikinsa ba ya tsoron wannan sharaɗi.

Saura naka nauyin, ɗana, don kada ka ce na tsaya a kan wani na bar ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya masa gaskiyar abin da ke hannunka, kada ka yi masa kurin dukiyar da babu, ya zana maka abin da ba za ka iya ƙarasawa ba. In ya cika nasa, ka biya shi a ranar da ka ce, ba sai ya yi ta sintiri ba. In ya ce a canza mai bayan awa kaza, a canza, da irin man da ya faɗa, kuma a ajiye littafi a gefen inji ana rubuta kowane gyara da ranarsa. Kada ka matsa wa yara su zuba ɗanyar shanshera don wani dillali yana gaggawa, sannan in ta karye ka ce inji ne. Yaron nan kuma da aka koyar, wanda yanzu ya san kukan injin in boris ya fara mutuwa, ka biya shi albashin da zai riƙe iyali, ka sa ya koyar da na biyu da na uku tun yana wurinka, domin masu masana'antu a Kano suna neman irinsa, kuma za su ji labarinsa.